Ranar da Kurege Ya Juya Ƙofar Ɗakin Uwarsa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Baba!

To ku matso, amma kada wanda ya taka mini ƙafa, da ita aka kwaɓa ƙasar ɗakin da zan ba ku labari.

Kurege dai ya gaji ɗaki wurin uwarsa, can bayan gari, gindin wata tsamiya. Ɗan mitsitsi ne kamar an kife kwando, amma komai nasa na wurin ne. Jar ƙasar bango daga kududdufin kusa aka ɗebo ta, jinka kuwa gambar fadama ce. In ka shiga da rana tsaka, sanyi kamar ka faɗa randa. Ƙofa tana kallon yamma, don ruwan sama daga gabas yake zuwa. Ya zo ya daki bayan ɗaki, ya daka, ya gaji, ya wuce.

To gabas ɗin nan ne gonar Goggo Bushiya take, ƙawar uwarsa. Damina ta ja baya, Goggo ta cire gyaɗa ta shanya. Kurege yawu na zuba, amma kafin ya zagayo ɗaki, Goggo ta hango shi. Sai ya toshe ƙofar yamma, ya fasa sabuwa ta gabas.

Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa ba hadari ƙofa?"

Ya ce, "Goggo, hantsi nake so, sanyi ke cin gwiwata. Damina ma ai ta ƙare."

Goggo ta tafi rijiya, Kurege ya fito wuf, ya kwasa, ya koma wuf. Goggo ta tafi itace, ya fito wuf, ya koma wuf. Kwana uku ɗaki ya cika.

Rana ta huɗu da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ni na fara ganin hadarin, na ɗaga kai sama na ce masa ya dakata, ya ƙi. Iska ta shiga ƙofa, ta nemi mafita ta rasa, ta ɗauke jinka ta yi sama. Ruwa ya biyo, bango ya sha, ya sha, ya zauna daɓas. Ga Kurege tsugune kan tulin gyaɗa, gashi duk ya manne.

Goggo ta iso da taɓarya a hannu. "Gyaɗar wa?"

"Taki ce, Goggo! Gwiwata ce ta ji hadari tun shekaranjiya, na ce bari in ɓoye miki. Ga shi har ɗakin uwata ya tafi saboda ke."

Goggo ta dube shi, ta dubi bango, ta aje taɓarya. Ta kwashe abinta, ta bar masa cikin tafi ɗaya. Ta ce, "Ranar da uwarka ta gina ɗakin nan, ni na yi mata jigilar ruwa." Ta juya.

Kurege ya tsira daga duka, amma gyaɗar nan ta ƙi haɗiyuwa. Ya gwada gini, bango ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Sai ya haƙa rami ya shige. Shi ya sa har gobe za ku gan shi ya fito ya miƙe kan ƙafa biyu, ya duba nan, ya duba can. Ɗakin uwarsa yake nema.

Ƙurunƙus kan kurege mara jinka! In gyaɗar mutane ta ba ku sha'awa, ku daure ku zagaya. Ni shekara saba'in ina zagayawa, ɗakina na nan tsaye.