Ƙirjin da Aka Hana Usaini

Akwai wani ma'aikacin ofishin ilimi a Kaura Namoda mai suna Muhtari, aikinsa zagaya makarantun firamare yana duba malamai. Ɗan gidan malamai ne, kuma ko bai gaya maka ba tafiyarsa za ta gaya maka. Shadda kullum a goge, hula a kafe, turarensa kan riga shi isa ofis.

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma mutum ne da "me za a ce" ta fi masa komai nauyi a duniya.

Matarsa Bara'atu 'yar ƙauyen Banga ce. Shekara biyar suna tare ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a ta shida Allah Ya kawo rabo. Cikin yana wata bakwai, ranar wata Asabar a tsakiyar damina, jini ya ɓalle mata. Aka kwashe ta zuwa wani asibiti a garin, aka yi mata aiki, aka ciro tagwaye, mace da namiji. Hassana da Usaini.

Wanda bai taɓa ganin bakwaini ba ba zai gane ba. Hannun Usaini bai fi ɗan yatsan babansa kauri ba. Kukansu ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji.

Aka kai su ɗakin jarirai, aka haɗa su a kwalba ɗaya, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake saka bakwaini. Nono kuwa tatsa Bara'atu take yi a ɗan kofi, a ɗura musu ta siririn tiyo a hanci. Muhtari yakan zo safe da yamma, ya tsaya a bayan taga hannuwa a baya, kamar ya zo duba aji. Ya leƙa, ya ce "Masha Allah", ya fita amsa barka.

Ranar Litinin marka ta sauka. Kwana da yini ana yayyafi, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Kwalbar da hasken rana take aiki, ga wutar gari an daɗe ba a gan ta ba. Zuwa hantsin Talata batir ya mutu, kwalba ta huce.

Babbar nas ɗin ɗakin, Sista Rekiya, mace ce da ta yi shekara ashirin tana wannan aiki, ba ta da lokacin kwana-kwana. Ta sa aka kira Muhtari.

Ta ce, "Malam, yaran nan ba cuta ce ke barazana gare su yanzu ba, sanyi ne. Jikinsu bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. Maganin yana nan tare da ku. A kwantar da jariri a ƙirjin mutum, fata da fata, a ɗaure da zani. Uwarsu ga ɗinki ga zazzaɓi, ɗaya kawai za ta iya ɗauka. Ɗayan kai za ka ɗauka."

Muhtari ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ni? In tuɓe riga cikin mata, in goya jinjiri a gaba?"

"Akwai labule. Babu mai ganinka."

"Sista, ke baƙuwa ce, ba ki san al'adarmu ba. Waɗanga 'ya'yan fari na. Ni ko sunansu ba ni hwaɗi, balle ɗauka. Ubana bai taɓa ɗaukata ba, ga ni nan ban mutu ba."

Sista Rekiya ta ce, "Kai wata tara ka yi, Malam. Su bakwai suka yi."

Ya ce zai aika a ɗauko surukarsa daga Banga. Aka buga waya, aka ce gulbi ya cika ya shafe hanya, ko mashin ba ya ƙetarewa sai ruwa ya janye. Mahaifiyarsa ta riga ta rasu, ƙannensa mata suna aure nesa. Nas biyu ne a ɗakin, ga jarirai tara.

Ita ma Bara'atu fa 'ya'yan farinta ne. Ita ma an raine ta a kan cewa mace mai kunya ba ta rungumar ɗan fari a gaban mutane. Amma da aka ɗora mata Hassana a ƙirji ta ji sanyin ƙafafun yarinyar, kunyar nan ko sallama ba su yi ba.

Sai ta riƙa yi musu karɓa-karɓa. Awa biyu Hassana, awa biyu Usaini. Wanda aka sauke a naɗe shi da bargo, a jera masa robobin ruwan ɗumi a gefe. Duk wanda ta ɗauka, idonta yana kan wanda ta ajiye.

A ƙarshen ɗakin, bayan wani labule, akwai wani makiyayi daga wajen Galadi mai suna Gado. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa 'ya mace, ita ma bakwaini, ita ma ta fari. Tun kafin kwalba ta mutu shi ne kwalbar 'yarsa. Dogon mutum, siriri, zaune a kujerar roba ba riga, an ɗaure masa jaririya da zanin marigayiya. In zai yi salla ne kawai yake miƙa ta ga nas.

Muhtari ya taɓa hango shi, ya fita yana ba abokansa labari a bakin asibiti, har da ƙyaƙyatawa. Wai ya ga ƙato da goyo, saura a ba shi ɗankwali.

Ranar Laraba da yamma Sista ta auna Usaini, ta ɓata fuska. Jikinsa ya fara sanyi, nonon da ake ɗura masa yana dawowa. Muhtari na shigowa Bara'atu ta kira shi da muryar da bai san tana da ita ba.

"Malam, don girman Allah. Awa ɗaya tak. Ni ba ni gaya ma kowa, har in mutu."

Ya ce, "Ke dai ki yi ta addu'a. In da kwana, za shi tashi."

Gado yana ji daga bayan labule. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, gafara dai. Ƙirjin nawa da wuri, ɗiyar tawa ba ta cika shi ba. In ka yarda a kawo yaron in haɗa su. Mu da kunyar ɗan fari anka san mu, ta hi taku. Amma na ga ɗan maraƙi in uwa ba ta lashe shi ba cikin sanyi, ba ya kwana."

Jama'a, a nan ne raina ya fi ɓaci a duk labarin nan. Da Muhtari ya yi shiru kawai, da an wuce wurin. Amma sai ya hango yadda zancen zai zaga gari, a ce ɗan Malam Muhtari a ƙirjin wani makiyayi ya rayu, uban yana tsaye da shadda.

Ya ce, "Ɗana ba maraƙi ba ne. Riƙe taka." Ya juya ga Sista ya ce bai yarda kowa ya ba baƙo ɗansa ba, kuma in aka yi, hukuma za ta ji.

Gado ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri." Ya gyara zanin 'yarsa.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Suna ya kama Asabar, kuma Muhtari ya riga ya gaya wa duk ofis cewa ragunan da zai yanka sai an zo kallo. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki na 'yan bindiga, direba ba ya hawanta sai da addu'a a bakinsa. Mutumin da ya kasa cire riga a bayan labule, shi ne ya sayar da rai ya hau hanyar Shinkafi saboda rago.

Kafin ya tafi ya leƙa ta taga. Usaini ne a ƙirjin uwarsa a lokacin. Bara'atu ta ɗago ta dube shi. Ya ɗaga mata hannu ya wuce.

Wajen sha ɗaya zazzaɓinta ya tashi har tana karkarwa. Dole aka sauke yaron aka sa mata ruwa. Nas ɗaya ta ɗaure Hassana a nata ƙirjin tana aiki da ita a haka. Sista Rekiya ta ga abin ya wuce a bi dokar wani, ta ɗauki Usaini da kanta ta kai wa Gado ta ce, "Karɓi. In hukuma ce, ni za ta kama."

Gado ya rungume shi gefen 'yarsa, yana hura masa numfashi a tsakar ka. Sista ta yi duk abin da ta sani. Amma sanyin kwana biyu ya riga ya shiga inda hannu ba ya kaiwa. Ana kiran azahar Usaini ya cika.

An buga wayar Muhtari ya fi sau goma, babu sabis a hanya.

Da la'asar sakaliya ya iso a bayan a-kori-kura, da raguna biyu farare ƙosassu. Ya sa aka tsaya a ƙofar asibiti don a gani. Ya shiga yana kakkaɓe shaddarsa, yana shirin cewa a gaya wa mai jego an samo na Usaini mai ƙaho.

Sista ta tare shi a baranda ta gaya masa. Ya yi salati, ya jingina da bango. Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fara fitowa shi ne, "Kwana nai ne ya ƙare."

Ta ce, "Haka ne. Rai na Allah ne, kuma ban ce da ka ɗauke shi lalle zai rayu ba. Wannan ni ban sani ba, kai ma ba za ka taɓa sani ba. Abin da na sani, kwana biyu yaron nan yana neman ɗumi."

Aka yi wa Usaini wanka, aka naɗe shi a ƙyallen da bai kai ɗankwali ba. Gawar jariri ba ta buƙatar makara, a hannu ake kai ta. Liman ya duba jama'a ya ce, "Ina uban? Shi za shi ɗauka."

Muhtari ya miƙa hannu aka ɗora masa. Ana yayyafi, sai ya ga ruwa yana taɓa likkafanin. Bai san lokacin da ya buɗe gaban rigarsa ya cusa yaron ciki ya manne shi da ƙirjinsa ba. A haka ya taka har maƙabarta, a gaban abokan ofis, da maƙwabta, da duk waɗanda yake tsoron bakinsu.

Babu wanda ya yi dariya. Babu ma wanda ya kula. Abin da ya yi ta gudu ke nan, ga shi ya yi shi a tsakiyar titi, kuma yaron ba ya jin ɗumin.

Daga maƙabarta bai biya gida ba. Ya koma ɗakin jarirai da laka a ƙafa, ya wanke hannu, ya cire rigar ya ajiye. Ya ce da Sista, "Ku ba ni ita."

Aka ɗaure masa Hassana. Kujerar da ta rage ita ce ta kusa da Gado, a nan ya zauna. Ya dubi Gado ya ce, "An ce a hannunka ya cika."

Gado ya ce, "A ƙirjina. Bai wahala ba, Malam. Ya yi lamo kamar mai barci."

A nan Muhtari ya fashe da kuka, irin kukan da babba ba ya so a ji. Bara'atu tana kwance a gadonta, fuskarta a bango. Ya kira ta ya ce ta yafe masa.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Awa ɗaya na roƙe ka, Malam."

Ranar Juma'a rana ta fito, kwalba ta tashi. Ranar Asabar aka yanka rago ɗaya. Ɗayan ya yi wata biyu ɗaure a tsakar gida yana kuka, Muhtari ya kasa yanka shi, ya kasa sayarwa, har Bara'atu ta ce a fitar mata da shi daga gida. Gado ya koma Galadi da 'yarsa a raye.

Hassana ma ta rayu, yanzu har ta shiga aji ɗaya. Bara'atu ba ta fita ba, tana nan a ɗakinta, ba ta kuma sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Ba ta buƙata. Sunan yarinyar ya isa. Duk inda Muhtari ya riƙo hannunta, a kasuwa ko a gidan suna, da an ji an ce Hassana sai wani ya yi murmushi ya tambaya:

"Allah Sarki, 'yan biyu ce? Ina Usainin?"

Darasi: Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana ka ceton ɗanka girman kai ne ya ari rigar al'ada. Mutanen da kake tsoron bakinsu za su raka ka maƙabarta su koma gidajensu su ci tuwo, kai za a bari da abin har ƙarshen rayuwarka. Bakwaini ɗumi yake nema, kuma ƙirjin uba bai fi ƙarfin ɗansa ba. In ma'aikatan lafiya suka ce ka ɗauka, ka ɗauka, in wani ya miƙo hannun taimako kada ka duba rigarsa. Ku tura wa iyaye maza musamman, wataƙila akwai wanda yake tsaye a bayan taga yanzu haka.