Ramin Gas na Gidan Kalilu

Akwai wani mutum a Tsamaye, ta ƙasar Sabon Birni, ana ce masa Kalilu. Fatauci yake yi, ya kai albasa Maraɗi, ya dawo da abin da ya samu. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Ciwonsa ɗaya: in ya ce a'a, ko duk garin za su taru su durƙusa, a'ar nan ba ta komawa i.

Katanga ce kawai tsakanin gidansa da na ƙanensa Alhassan, amma ba sa ga maciji. Tun rabon gonar mahaifinsu suke gaba, a kan 'yan kunyoyin da ko akuya ba za su ciyar ba. Alhassan ya gaishe shi har ya gaji. Shi kuwa ko a jana'iza suka haɗu sai ya kau da kai.

Duk wanda ya san yankin nan ya san abin da itacen girki ya zama. Na kusa da gari an sare shi ƙaf, na nesa kuwa yana hannun masu bindiga. Mace ta fita da gatari, gida ba ya samun natsuwa sai an ji sallamarta.

Ana cikin wannan hali wata ƙungiya ta zo tana gina wa mutane ramin gas. Rami ne rufaffe, a zuba masa kashin shanu da ruwa, iska ta taru a ciki ta biyo tiyo zuwa murhu, a kunna a yi girki. Alhassan na cikin waɗanda aka fara yi wa, matarsa Halimat ta daina zuwa daji. Kalilu ya ce shi ba zai ci tuwon da aka dafa da kashi ba. Sai da matarsa Larai ta yi ta magiya har da kuka kafin ya yarda a zagaye na biyu.

Ranar da aka cika ramin, ma'aikacin ƙungiyar, Abdulrauf, ya zaunar da shi.

"Alhaji, iskar da za ta fara fitowa ba ta kamawa. Irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, kashe wuta ma take yi. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke juya ta ta koma gas, kuma sabon rami ba shi da su da yawa. Ka ga yadda mata ke zuba tsohon nono a sabuwar madara ta yi tsami? To haka za ka samo ruwan tsohon rami ka zuba. Nan unguwar na ƙanenka ne kaɗai ya nuna."

Kalilu ya haɗe rai. "In ban zuba ba hwa?"

"Zai kama, amma sai ka yi haƙuri sosai."

"To za ni haƙuri."

Ku ji fa, mutumin da ko shayi bai iya jira ya huce ba!

Kullum sai ya buɗe murhu ya ƙyasta ashana, iskar ta hure ta. Ta bayan katanga kuwa ƙamshin miyar Halimat na shigowa. Abin ya zame masa ƙaya a maƙogwaro.

Wata safiya Halimat ta yi sallama, ɗauke da bokiti cike da baƙin ruwa mai kauri.

"Yaya, ƙanenka ya ce a kawo muku. Ya ce in bai isa ba a ƙaro."

Larai ta miƙe da murna za ta karɓa. Kalilu ya riga ta. Ya ɗauki bokitin ya fita ƙofar gida, ya sheƙar da shi a kwata mutane na kallo.

"Ki ce mishi ban kai ga roƙon kashi ba tukuna. Shi da yac ci gonata, yau shi ka yi min sadaka?"

Da Halimat ta tafi, Larai ta ce a hankali, "Malam, ba kai ka zuwa daji ba. Ni ka zuwa."

"To wa yac ce ki tahi? Ki sa ido ki gani, ni na san abin da za ni yi."

A tafiyarsa ta gaba ya dawo da ƙunshin kabayid, farin dutsen nan da masu walda ke jiƙawa ya ba da wuta, 'yan mangwaro kuma suke nuna kaya da shi. Lissafinsa shi ne, abin da ke nuna ɗanyen mangwaro ai zai nuna ɗanyen rami. Bai tambayi kowa ba. Wa zai tambaya, shi da ya san komai? Ya juye shi duka a bakin ramin.

Ramin ya hau tafasa kamar tukunyar talge. Ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi bum, ta babbake masa gira da gefen gemu. Ko a jikinsa. Wuta ce fara tas mai baƙin hayaƙi, tana huci. Ya leƙa waje ya kira maƙwabta.

"Ku zo ku gani! Ina masu cewa sai da taimakon wani? Ga ta nan, ta hi tasu haske!"

Ya ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga.

Washegari wutar ta yi ƙasa. Kafin a jima ta mutu murus, ramin ya koma wani irin wari da ko kaji suka ƙaurace wa wurin. Aka kira Abdulrauf. Ya leƙa, ya shinshina, ya dafe kai.

"Alhaji, ka gode Allah gidan bai tashi da ku ba. Wannan wutar ta kabayid ce, ba ta rami ba. 'Yan halittun da suka fara taruwa ka kashe su duka. Sai an kwashe an wanke an sake sabon zubi, kuma wannan karon dole a nemo na ƙanenka."

Kalilu ya ce zai yi shawara. Shawarar da ba a gama ba ke nan.

Karan dawa ya ƙare. Gawayi ya yi tsadar da ba a taɓawa, don masu kawo shi ma tsoron hanya suke. Halimat ta aiko a ɓoye cewa Larai ta riƙa kawo tukunyarta ana ɗora mata. Surayya, 'yar Larai, ce ta yi suɓutar baki uban ya ji. Ya rantse duk ranar da tukunyar gidansa ta ƙetare katangar nan, mai ita ta bi ta kada ta dawo.

Yara sun wuni da gari da ruwa, sun sake wuni da shi. Rana ta gaba, bayan Kalilu ya fita kasuwa, Larai ta ɗauki gatari ta bi wasu mata da za su gefen fadama.

Yana cikin ciniki ya ji kasuwa ta ruɗe. An ce masu bindiga a kan babura sun fito wa mata a daji. Ya bar albasar a ƙasa ya sheƙo gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Matan sun dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu ba ɗankwali, ƙaya ta yayyage su. Yana tsaye yana duba fuskoki. Babu Larai.

A karon farko tun rasuwar mahaifinsu, ya tsallaka ƙofar ƙanensa.

"Ina Alhassan?"

Halimat na rungume da Surayya. Ba ta ɗago ta dube shi ba. "Tun da aka yi ihu yab bi maza daji."

Sai la'asar sakaliya suka dawo. Alhassan ya zo gabansa, rigarsa jiƙe da gumi, ya ajiye gatari da gammo da igiya.

"Yaya, wanga muka ishe. Mun bi sawun babura har inda ba a wucewa."

Kalilu ya dubi gatarin, na Larai ne. Ya sulale ƙasa a gaban mutane.

Har yau ba a ji ɗuriyar Larai ba. Yaran suna gidan Alhassan. Kalilu ya daina fatauci, yana zaune a zaure da waya a tafin hannu. Duk lambar da bai sani ba in ta kira, ba ya iya ɗauka, sai ya ƙwala wa ƙanensa kira ya zo ya amsa.

Darasi: Girman kai wuta ce da kai kake hurawa, amma na kusa da kai take fara ci. In abu ya ce a jira shi, a jira shi. In ɗan'uwa ya miƙo hannu, a karɓa, ko da abin da ke cikin hannun ba shi da daɗin gani. Kai mai gaba da ɗan'uwanka a kan gona ko gado, ka duba waye ke biyan kuɗin taurin kanka a cikin gidanka. Ku tura wa wasu, wataƙila wani ya sauko tun lokaci bai ƙure masa ba.