Ƙusoshin Ranar Asabar

Akwai wani kafinta da duk layinsu suka sani da ɗaure fuska. Idan ya shigo gida, tari ɗaya yake yi, yaransa biyu su nutsu. Babba mai shekara takwas ne, Auta kuma biyar.

Matarsa tela ce, kuma ita kaɗai ta san wani sirri nasa. Duk ranar Asabar da hantsi yakan aiki yaran su sayo masa ƙusa a shago mai nisa, can bayan makaranta. Suna fita sai ya sakaya ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban baho. Shi zai wanke tukwane, ya share tsakar gida, ya shafa mata mai a bayanta da keken ɗinki ya ƙagar. A lokacin ne kawai yake kiranta Gimbiya. Da ya jiyo muryar yara, sai ya goge hannu ya koma kujera, ya maido da fuskarsa ta kullum.

Auta ta sha tambaya: "Mama, me ya sa Baba yake sayen ƙusa, alhali gwangwaninsa a cike yake?" Uwar sai dai ta yi murmushi.

Wata Juma'a da yamma tana ɗinki kusa da taga, sai ta ji yaran sun fara wasan Baba da Mama. Ta tsayar da keken. So take ta ga yadda ita da mijinta suke a idon 'ya'yansu.

Babba ya zura takalman ubansa, ya maƙala fensir a bayan kunne, ya hau kujera ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Ya yi tari ɗaya.

"Ke! Ruwa!"

Auta, da 'yar tsana goye a baya, ta kawo murfin kwalba a matsayin kofi da gudu. Murfin ya suɓuce ya faɗi daidai ƙafarsa.

"Yaya, miƙo min mana."

"Namiji ba ya sunkuyawa. Ɗauki abinki."

Uwar ta toshe baki tana dariya, don tarin ma sak na uban ne. Amma Auta ta kwance goyon ta ajiye.

"Na fasa. Kullum Mama aiki, ba mai taya ta, ba mai yi mata dariya. Ni in na girma Baba zan zama."

Uwar ta daina dariya. Ta leƙa ta taga ta ce, "Babba, wa ya gaya maka namiji ba ya sunkuyawa?"

"Ba wanda ya gaya min, Mama. Gani na yi."

Washegari da hantsi, Kafinta ya buɗe baki zai aike su, matar ta riga shi.

"Baban Babba, yau a bar ƙusa. Zo ka ga wani abu."

Ta ce wa yaran su yi wasansu, ta ja shi bayan labule. Da kyar Babba ya lallashi Auta ta yarda. Kafinta ya ga takalmansa, ya ga fensirinsa, ya ji tarinsa. Ya ji an daka wa 'yarsa tsawa da irin muryarsa.

Sai ya yi ƙasa da murya: "Haka nake?"

"Haka suka san ka. Ɗaya mutumin ai ni kaɗai nake gani."

"Kin san bakin mutane. In yaron nan ya gan ni da soso, gobe a wurin aiki sunana mijin-ta-ce. Shi kansa raina ni zai yi."

"To zaɓi," in ji ta. "Ko su tsokane ka na sati ɗaya, ko wata baiwar Allah ta auri wancan na kan kujera."

Kafinta ya sake leƙawa. Auta ta durƙusa tana tsince murafai, idonta ya kawo ruwa.

Ya ɗaga labulen ya fita. Yaran suka daskare. Bai yi tari ba. Ya sunkuya ya ɗauki murfin da ya gangara, ya miƙa wa Auta. Sannan ya naɗe hannun riga, ya jawo baho, ya tsuguna gaban tukwane.

Babba ya matso, yana jan manyan takalma.

"Baba, Mama ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa?"

"Saboda matata ce. Kuma ni ma da tukunyar nan aka dafa min."

Auta ta tsuguna tana kallon hannunsa. "Kai! Baba ya fi Mama sauri! Yaushe ka koya?"

"Tun kafin a haife ku nake yi. Duk Asabar."

Ta zaro ido, ta dubi gwangwanin ƙusa, ta dubi uwarta. "Au! Shi ya sa!"

Kafinta ya fashe da dariya, irin wadda yaran ba su taɓa ji ba. Ya ce, "Gimbiya, ƙaro mana ruwa." Babba ya waiga yana neman wace ce Gimbiya, sai ya ga uwarsa ta rufe fuska da gefen mayafi.

Bayan kwana biyu uwar ta sake tsayar da keken ɗinki. Babba na sanye da takalman nan, amma ya naɗe hannun riga, yana tsugune gaban murafai. Auta ta ɗauki 'yar tsana ta nufi ƙofa da ita.

"Je ki sayo wa Babanki ƙusa."

"A'a," in ji Babba. "Bar ta a nan ta gani."

Darasi: Yaro ba ya koyon zama namiji ko mace daga abin da muka gaya masa, daga abin da ya gani yake koya. Idan ka ɓoye tausayinka ka nuna tsawarka, tsawar zai gada. Ku tura wa wani uba mai kirkin ɓoye, ko ya daina aiken ƙusa.