Aikin da Aka Cire wa Suna

An ce wai a birnin Zazzau an yi wani masanin kwamfuta, Malam Sha'aibu Maƙarfi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan aiki guda. Aikin nan wata manhaja ce da ya raɗa wa suna Ma'auni, wadda ke taimaka wa ma'aikatan jinya a ƙananan asibitocin karkara su san yawan maganin da za a ba yaro gwargwadon nauyinsa da shekarunsa. Bai sayar da ita ba, bai kuma kulle ta ba. Ya shimfiɗa rubutunta a intanet, mai so ya karanta, mai so ya ɗauka, wanda ya iya kuma ya kawo gyara ko ƙari. Da haka mutane suka taru a kanta, daga Katsina, daga Maraɗi, daga Jos, har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Da masu kawo gudummawa suka yi yawa, Malam ya tsorata kada kuskuren mutum ɗaya ya isa bakin yaron da bai san komai ba. Sai ya tsara ƙa'idoji. Duk wanda ya kawo aiki, ya kawo shi tare da gwajin da ke tabbatar da lafiyarsa. Ba mai shigar da aikinsa da hannunsa, sai wani ya duba masa. Kuma duk gyara, da duk ƙin karɓa, a fili za a yi su, a dandalin da kowa ke karantawa, ba a bayan idon mai aikin ba. Mutane da dama sun ji ɗacin waɗannan ƙa'idoji, domin Malam ya sha mayar wa manyan malaman jami'a da aikinsu, amma ba wanda ya taɓa cewa ya zalunce shi.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi, ido ɗaya ya dushe. Da ya ɗan farfaɗo, ya kira ɗalibarsa Kaltume Ɗanladi, wadda ya koya wa sana'ar tun ba ta san inda ake kunna na'ura ba, ya damƙa mata ikon karɓar aiki da mayar da shi. Ta riƙe amanar da kyau, shi kuma ya koma gida yana jinya.

Sai dai akwai abin da bai bar zuciyarsa ba. Ma'auni ba ta san lissafin jarirai bakwaini ba, waɗanda ake haifa kafin lokaci, kuma ya daɗe yana cewa shi zai rubuta wannan ɓangare. Da ya ji jikinsa na ƙara sanyi, ya sa aka ɗora masa kwamfuta a kan matashi, ya riƙa dannawa da yatsa ɗaya, wata da watanni, har ya gama. Ya aika aikin dandali kamar kowa, da ɗan gajeren bayani a ƙasa: "Ga abin da ya rage mini. A duba."

Jama'a suka yi murna, ana ta sa masa albarka. Kaltume ta buɗe aikin da farin ciki, ta rufe shi da hawaye. Babu gwaji ko ɗaya a tare da shi. Kuma a tsakiyarsa akwai kuskuren da Malam na da ba zai taɓa yi ba: idan nauyin jariri ya faɗa daidai kan iyaka tsakanin aji biyu na nauyi, manhajar za ta ba shi maganin wanda ya fi shi girma. Ga bakwaini, wannan bambanci na iya zama ajali.

Ta kira mutum biyu daga cikin manyan masu duba aiki don shawara. Na farko Alhaji Tanimu, abokin Malam tun suna samari. Na biyu Lurwanu, mutumin Maraɗi, mai kaifin ido da kaifin harshe.

Alhaji Tanimu ya ce, "Kaltume, mutumin nan kwanansa ya kusa ƙarewa, kowa ya sani. Ki karɓi aikin yau, a yi masa godiya. In ya so mu bi ta baya mu gyara a ɓoye kafin ya isa asibitoci. Me zai rage mu da shi? Ya mutu yana murna."

Lurwanu ya ce, "Alhaji, da girmanka, wannan ha'inci ne. Ƙa'ida ta ce a fili. Ni an mayar mini da aiki a gaban jama'a ban mutu ba. A rubuta masa kuskurensa a dandali kamar yadda ake rubuta wa kowa. Ranar da aka ɗaga ƙafa saboda suna, ranar ƙa'idar ta zama ta marasa suna kaɗai."

Kaltume ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Idan na bi Alhaji, na mayar da Malam yaro da ake lallashi, kuma duk ranar da ya buɗe rubutun ya ga an taɓa masa aiki a ɓoye, zai san mun daina ɗaukarsa masani. Idan na bi Lurwanu, ni da ya koya wa riƙe alƙalamin wannan sana'a zan tsaya gaban duniya in ce hannunsa ya ƙare. Ƙa'ida ta ce wani ya duba. Ba ta ce lallai ni ba ce. Ku ba ni lokaci kaɗan."

Ta sa aka buga aikin a takarda da manyan haruffa, ta cire sunan mai shi daga sama, ta ɗauki na'urarta, ta nufi gidan Malam bayan la'asar.

Matarsa, Gwaggo Hure, ta tarye ta a tsakar gida. Ta rage murya ta ce, "'Yar nan, gara da kika zo. Kullum sai ya tambaye ni ko an karɓa. Abinci ma ba ya ci sai na ce masa ana nan ana dubawa."

Kaltume ta ce, "Ana dubawa, Gwaggo." Ta shiga.

Ta same shi jingine da bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki. Sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wani aiki ne ya fi ƙarfina. Ɗaya daga cikin manyanmu ya aiko shi. Na cire sunansa don kada suna ya rufe ido. Ina so Malam ya duba mini kamar yadda ya saba."

Fuskarsa ta yi haske, domin an daɗe ba a nemi idonsa ba. Ya ce, da harshensa mai nauyi, "Kawo. Miƙo mini jan biro."

Ya kusantar da takardar ga idonsa mai gani, ya fara bi layi-layi. Bai yi nisa ba ya ce, "Ina gwajin?"

"Bai haɗo ba, Malam."

"To ai tun daga nan ya faɗi." Ya ja layi. Ya ci gaba, yana gyaɗa kai. "Amma ya san aiki. Dubi yadda ya raba wannan da wannan. Ba yaro ba ne." Can ya tsaya, ya ɗora biron a kan wani wuri, ya koma baya, ya sake dawowa. Goshinsa ya tattare. "Subhanallahi. Kaltume, kin ga nan? Jaririn da ya faɗa kan iyaka, ina zai tafi?"

"Ajin sama, Malam."

"Ajin sama! Ɗan tayin da ko kuka bai iya ba, a ɗura masa maganin wanda ya fi shi? Wannan mutum gaggawa yake yi. Ya rubuta kamar wanda ake kora."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya zan yi da shi? Babba ne, kuma yana da haƙƙi a kaina."

Ya ce, "Haƙƙinsa a kanki ki gaya masa gaskiya. Jaririn nan bai san girmansa ba."

Ya juya shafi na gaba. Nan ne ya ci karo da wata 'yar alama da yake sakawa a gefen duk lissafin da bai gama gamsuwa da shi ba, alamar da ba mai yin ta sai shi. Biron ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar murfin tukunya daga tsakar gida. Kaltume ta ga hawaye ya taru a idon da ya dushe kafin ya taru a mai gani. Ta yunƙura za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa.

Bai ajiye takardar ba. Ya ci gaba da dubawa har layin ƙarshe, ya sami wani ƙaramin kuskure da ita kanta ba ta gani ba, ya zagaye shi da ja. Sannan ya jingina kansa da bango, ya rufe ido.

Ya ce, "Wannan mutumin, kin san shi sosai?"

Ta ce, "Shi ya koya mini duk abin da na sani."

"To ki gaya masa ya yi ƙoƙari. Ki gaya masa niyyarsa mai kyau ce, amma niyya ba ta auna magani. Ya ji mutuwa a bayansa, sai ya manta akwai wata a gaban jaririn." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ki kuma gaya masa lokacin rubutunsa ya wuce. Ya yi haƙuri."

Kaltume ta fashe da kuka. Ta ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Me kika yi? Da kin karɓa, da kin binne ni da rai. Da kin rubuta mini a dandali, da na karanta da idon mai aiki, in yi ta neman hujjar kare kaina, don tsoho ba ya rasa hujja. Sai kika ba ni kujerar mai dubawa, inda ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Share hawayenki, buɗe na'urarki. Ƙa'ida ta ce a fili."

Ya yi mata shifta, ta rubuta a dandali da sunansa. Ya bayyana kurakuran biyu dalla-dalla, ya ce aikin bai zo da gwaji ba, don haka ba za a karɓe shi ba. A ƙarshe ya ce, "Mai dubawa Sha'aibu ne, mai aikin ma Sha'aibu ne. Na farkon ya fi na biyun gaskiya. Wanda yake da lafiyar hannu ya ɗauka ya ƙarasa."

Da za ta fita, ta ji ya kira matarsa. Ya ce, "Hure, ɗauke kwamfutar nan daga kan matashi, ki kai ta ɗaki. Ki kawo mini abincin."

Bai sake taɓa ta ba. Kafin damina ta janye, Allah ya karɓi ransa.

Lurwanu ne ya ɗauki aikin. An ce ranar da ya karanta abin da Malam ya rubuta, ya rufe shagonsa har washegari. Ya gyara kurakuran, ya rubuta gwaje-gwajen da suka rage, Alhaji Tanimu ya duba, ya mayar masa ya sake gyara wani wuri, sannan Kaltume ta karɓa. Sunan Malam suka bari a sama, nasu a ƙasa. Amma shi bai ga ranar ba.

Daga baya mutane suka riƙa yaba wa Kaltume, suna cewa ta yi hikimar da ta tsare jarirai, ta tsare ƙa'ida, ta kuma tsare mutuncin malaminta. Ita kuwa ba ta taɓa karɓar yabon da sakin fuska ba. Takan ce, "Duk wannan gaskiya ne. Amma ni na ɗauki labarin ƙarewar hannunsa na kai masa har ɗaki, na zauna ina kallo yana karantawa. Ban san hanyar da ta fi wannan ba, kuma ban daina jin zafinta ba."

Masu hankali suka ce: idan gaskiya ta yi wa babba nauyin da ba zai iya karɓarta daga bakinka ba, kada ka ɓoye ta, kada kuma ka jefe shi da ita, ka zaunar da shi a mazaunin alƙali, domin hukuncin da mutum ya yanke wa kansa shi ne kaɗai yake sa shi kuka ba tare da ya ƙasƙantar da shi ba.