Dalilin da Ya Sa Kaluluwa Ke Kumbura Nesa da Ciwo

Dalilin da ya sa ƙaya kan soke ku a yatsan ƙafa amma kaluluwa ta fito muku can gindin cinya, inda ba abin da ya taɓa, shi zan faɗa muku. Wanda zai yi surutu ya fita tun yanzu.

A da ba haka abin yake ba. Jikin mutum gari ne, cike da 'yan ɗakuna da ido ba ya gani. A jikin bangon kowane ɗaki, ta waje, akwai wata 'yar mitsitsiya a tsaye, ana ce mata 'Yar Ƙofa. Ba ta da sanda, ba ta da ƙarfi. Idan cuta ta shigo, sai ta yagi ƙyallen rigar cutar ta ɗaga sama. Dakarun jini suna wucewa sai su gani, su gane mai rigar, su bi ta su kashe. Inda aka fara nan ake gamawa.

Kaluluwa kuwa ita ke dafa wa dakarun abinci a lungunta na gindin cinya. Lokacin ba ta wuce ƙwayar wake ba. Kullum dakaru suka dawo, tuwonta na bakinsu suna yabon wata.

"Kai, 'Yar Ƙofa akwai ido!"

"Ba don ita ba, ai da yau gari ya tashi."

Kaluluwa ta buga muciya a bakin tukunya. "Tuwon wa kuke ci?"

"Naki ne, Yaya. Ƙaro miya." Ko kai ba su ɗaga ba.

Abin ya ci mata rai har abinci ya daina shigar ta. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Zuciya, uwar gari.

"Inna, hayaƙi ya gama da idona a gindin murhu, amma sunan wata da ba ta kai ƙwayar gero ba ake kira. Me take yi? Ɗaga tsumma!"

"To me kike so?" in ji Zuciya.

"A riƙa kawo tsumman gidana. Daga bakina labari zai fita."

Aka kira 'Yar Ƙofa. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki ɗauka, ni ban damu ba. Amma inda tsumma yake, nan dakaru ke taruwa. Ɗakinki zai ɗauke su?"

"Ji rainin hankali! Ke ce za ki auna mini ɗaki?"

Zuciya ta ce, "Kin san al'adar garin nan. Wanda ya yi shela shi ke sauke duk wanda ya amsa, ci da sha da makwanci, har a gama yaƙi. Kuma abin da aka ƙulla a gabana ba a kwance shi."

"Na ji, na yarda."

Ba a jima ba ƙaya ta soki mai jikin a yatsa, cuta ta shiga. 'Yar Ƙofa ta yagi ƙyalle, aka hau da shi har cinya. Kaluluwa ta karɓa, ta gyara ɗauri, ta ƙwala shela da iyakar muryarta.

Sai ga dakaru. Na ciki suka zo, na baya suka zo, kowa ya jawo ƙannensa. Suka cika ɗaki, suka hau gado, suka zauna kan tukwane. Bango ya fara turowa waje, ɗaki ya ɗauki zafi. Mai jikin ya tashi zai taka, ya kasa. Ya dafe gindin cinya ya ce, "Wayyo, kaluluwa! Wannan tsinanniya daga ina?"

Kaluluwa tana matse a bayan ƙofa, ko juyawa ba ta iyawa. Ta ɗaga murya, "Inna! A mayar mata da tsummanta!"

Zuciya ko dakatawa da aikinta ba ta yi ba. "Sai ki dafa musu. Baƙinki ne."

Shi ya sa har yau 'Yar Ƙofa ke yagar ƙyalle ta miƙa ta koma tsayuwarta lafiya lau, Kaluluwa kuma ta kumbura ta sha zagi, ko a cinya, ko a hammata, ko a wuya, duk inda danginta suka zauna. Idan ta fito muku kada na ga mai matsa ta, baƙi ne da ita. Ku nemo ciwon a wanke. Kuma wanda na sake gani a waje ba takalmi, ni da shi ne.