Tantabara da Barcin Sama

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Tantabara dai ta tsani Tsattsewa, don duk shekara in ta dawo daga ƙetaren teku, sai tsuntsayen birni su kewaye ta suna jin labari. Bana Tsattsewa ta tarar an rushe tsohon soron da take sheƙa a ciki, an kafa bene mai gilashi. Tantabara har da rawa.

"Sannu da zuwa, 'yar yawon duniya! Yau kuma a ina za a kwanta?"

Tsattsewa ta ce, "Haba Yaya, ai ƙwai kaɗai ke sauke ni. A sama nake barcina, ina tafe."

Tsuntsaye suka ce, "Kai, ikon Allah!"

Abin ya soki Tantabara har zuci. "Wannan ne abin mamaki? Ku matsa ku gani!"

Ta tashi fir da rana tsaka, ta runtse ido, har da minsharin ƙarya. Ji kake ƙwal! Ta gwabza kai da gilashin benen, ta faɗo tim.

Shi ya sa har gobe take tafiya tana gyaɗa kai, jirin bai sake ta ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na sauke ta nan.