Rufin Gidan Ambrose

Akwai wani kafinta a ƙauyenmu, can gaɓar kudu ta tsibirin Newfoundland, ana ce masa Hedley Marsden. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya shiri da shi ba zai musa ba. Rabin ƙofofin garin shi ya rataya su, kuma ba za ka ji ɗaya tana kuka ba.

Sai dai nasa gidan shekara goma sha tara ke nan bai ƙarasa ba. Ƙofar gaba tana can sama babu matakala, duk wanda ya yi gigin fitowa ta nan sai dai a kwashe shi. Matarsa Verna ta yi magana har bakinta ya gaji, ta haƙura take shiga ta baya.

A kan tudun dutsen da ke bisa gidan Hedley ne maƙwabcinsa Ambrose Lushman ya fara gini. Tare suka tashi, aji ɗaya suka yi. Ambrose masunci ne, shekara talatin yana zaune kusa da injin jirgin ruwa har kunnensa ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka. Ba wanda ya taɓa saninsa da guduma.

Abin da ya sa shi gini ba gayu ba ne. Matarsa Dulcie ce ciwon huhu ya kama, tana wurin 'yarsu a birni. Likita ya ce ba za ta koma tsohon gidansu na bakin ruwa ba, saboda danshi da sanyi. Ya kuma gaya wa Ambrose gaskiya, cewa lokacin da ya rage mata ba shi da yawa.

Ita kuwa Dulcie burinta ɗaya ne. Ta dawo gida, ta zauna a gaban taga tana kallon jiragen masunta suna shigowa da yamma. Ambrose ya yi mata alkawarin gida busasshe mai ɗumi, ya ce kafin sanyin shekara ta biyu ya shigo za ta kwana a ciki. Garin duka ya san da wannan alkawari.

Da farko Hedley dariya ya yi ta yi.

Ya ce wa mutane a kanti, "Ambrose da gini? Ku bar shi, mutumin da ko akwatin kifi ya haɗa sai ya karkace."

Ambrose dai bai ji ba, ko da ya ji ma ba mai tankawa ba ne. Da sanyi ya shiga daji ya sari itace, ya jawo shi a kan ƙanƙara, ya tsaga. Tagogi da ƙusoshi jirgin kaya ya kawo, ya riƙa goya su daga kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, zuwa kan tudu, tunda mu ba mu da titi. Abin da bai iya ba sai ya tsaya ya auna sau uku, ya ɓata, ya kwance, ya sake.

Bango ya tashi, kuma ya tashi a miƙe. Nan dariyar Hedley ta fara raguwa.

Wata safiya Verna tana wanke kofuna ta leƙa ta taga ta ce, "Ka ga tagar da ya yi wa Dulcie kuwa? Daga can har bakin teku za ta gani. Kuma har ya yi matakala."

Hedley ya ajiye shayinsa ya ce, "Matakala ce gida?"

Ta ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ta ce. Tun daga ranar shayi ya daina yi masa daɗi. Ya fita ƙofa, gidan Ambrose ne a kansa. Ya je kanti, hirar gidan ake yi. Har ya kai ga in ya ji ƙarar guduma daga kan tudu sai ya ƙara muryar rediyo.

Wanda ya ƙarasa shi shi ne Kawu Garfield, dattijon garin, mai baki kamar reza. A gaban mutane ya ce, "Hedley ɗana, in Ambrose ya gama, ka roƙe shi ya zo ya duba maka ƙofar nan taka. Na ji aikinsa ba ya kai shekara goma sha tara."

Aka fashe da dariya. Hedley ma ya yi yaƙe, amma kunnuwansa sun yi ja. Ni na san ciwon nan, ku ma kun san shi. Ba abin da aka ƙwace masa, ba wanda ya zage shi. Kawai dai wanda ya saba gani a ƙasa da shi ne ake yabo, shi ke nan ƙirjinsa ya ƙi zama lafiya.

A watan Satumba aka yi gayyar rufi. Mu a nan rufi rana ɗaya ake yinsa, don iska ba ta jiran kowa. Maza suka hau, mata suka ɗora tukunyar kifin gishiri da dankali. Hedley ma ya zo, don rashin zuwa abin magana ne, ya yi aikinsa tsaf ba tare da ya kalli kowa ba.

Saura abu ɗaya. Gidan da ke kan tudu ba a barinsa haka, sai an ɗaure shi. Ana ratsa igiyoyin ƙarfe ta kan rufi, a ɗaura su a zobban ƙarfe da aka kafa cikin dutse. Kafin a huda dutsen kuma sai an buga shi da guduma an saurara. Dutse mai rai ƙara yake yi tangaran. Wanda ya rabu da uwarsa ta ƙasa kuwa, ko da ya kai girman ɗaki, sai ka ji shi dum kamar an bugi tsohuwar ganga.

Da yamma mutane sun sauka cin abinci, Ambrose ya riƙo hannun rigar Hedley ya ja shi gefen da iska ke bugowa.

Ya ce, "Mutumina, ara mini kunnenka. Na buga falalen nan ya fi sau goma, amma ka san nawa kunnen injin ya cinye. Kai ne gwani. Saurara mini."

Hedley ya karɓi guduma ya buga. Dum. Ya matsa gaba ya sake bugawa. Dum.

Ya ji sarai. Ya ɗaga kai ya ga sabon rufi yana sheƙi, ya ga babbar tagar nan, ya jiyo muryar Kawu Garfield daga ƙasa yana cewa bai taɓa ganin gida mai kyan zama irin wannan ba.

Ambrose ya kara hannu a kunne ya ce, "Yaya?"

Hedley ya miƙa masa guduma ya ce, "Zai yi."

"Ka ce me?"

"Na ce zai yi. Kafa abinka."

Ambrose ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Na gode, ɗan'uwa. Yanzu hankalina ya kwanta. Bari in je in kira Dulcie a waya."

A hanyar gida Hedley ya riƙa lallashin kansa. Ai ba wani abu zai faru ba. Iyakaci igiya ta saki, 'yan alluna su tashi, a zo a kira shi ya gyara, gari ya tuna wane ne kafinta. Haka hassada take yi wa mutum, sai ta ƙanƙanta masa ɓarnar da yake shirin yi har ya ga kamar wasa ce. Dulcie kuwa ko sau ɗaya bai bar ta ta faɗo masa a rai ba.

Ambrose ya shiga aikin ciki. Ya kafa murhu, ya yi fenti, ya ajiye kujera a gaban taga. Aka sa ranar da Dulcie za ta biyo jirgin ruwa, Asabar ta farkon Nuwamba.

Ranar Talata kafin nan iskar ta zo. Da rana tsaka ne, Hedley da Verna suna kicin suna cin abinci, gidan yana girgiza kamar yadda ya saba. Sai suka ji wata ƙara daga sama, kamar an harba bindiga. Falalen dutsen ne ya ɗago, zobban suka fita da shi. Iska ta shiga ƙarƙashin rufin Ambrose ta ɗauke shi gaba ɗaya.

To rufin da ya tashi daga kan tudu ina zai sauka? A kan gidan da ke ƙasa.

Ya faɗo wa gidan Hedley ta sama, ya rusa ɗakin kwanansu, ya karya jigon rufi biyu. Allah ya sa suna ƙasa. Verna ta samu yanka a goshi, ta zauna a dandamali ta dafe wurin, ruwan sama yana sauka ta matakalar bene.

Washegari iska ta lafa, gari ya fito. Aka hau tudu aka duba. Bangon Ambrose biyu sun karkace, ruwa ya jiƙa komai. Kowa ya ga abin da ba wanda ya so ya faɗa: sai an sari sabon itace da sanyi, gidan nan ba zai shigu ba sai bazara.

Ambrose ya daɗe tsaye a gaban kujerar da ya ajiye. Daga nan ya juya ya fara ɗibar katakon da ya rage masa, ya ɗora a kafaɗa ya gangara gidan Hedley. Ya yi sawu ɗaya, ya yi biyu. A na uku ya sauke a gaban mutane ya cire hularsa.

Ya ce, "Hedley, ka yi haƙuri. Rufina ne ya yi maka wannan ɓarna. Ni ne na shiga aikin da ban iya ba. Ga katako, nawa gidan ba zai amfana da shi bana ba. A rufe muku naku kafin ƙanƙara ta sauka. Verna, yaya goshin?"

Hedley ya kalli katakon, ya kalli mutumin. Da zagi Ambrose ya zo da shi, da ya iya ɗauka.

Ya ce a hankali, "Dutsen ba shi da kyau. Na ji."

Ambrose ya kara hannu a kunne. "Ka ce me?"

Haka dole Hedley ya ɗaga murya, gari duka yana ji. "Na ce na ji dutsen. Ranar gayya. Na san ya rabu, na ce maka zai yi."

Verna ta juyo ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Kawu Garfield, wanda bakinsa bai taɓa rasa magana ba, ya sunkuyar da kai kawai.

Ambrose ya ce, "Don me?"

Hedley ya ce, "Don ya fi nawa kyau."

Ambrose ya mayar da hularsa. Wani ya ce masa ya kwashe katakonsa, sai Ambrose ya girgiza kai ya ce, "Verna ba ta buga dutse ba. A rufe mata ɗaki." Ya juya ya tafi ya kira matarsa ya ce mata kada ta biyo jirgin Asabar.

Aka rufe gidan Hedley da katakon Ambrose. Duk sanyin nan Hedley ya bi Ambrose daji ba tare da an kira shi ba. Shi ne sara, shi ne ja, shi ne tsagawa. Ambrose bai kore shi ba, bai kuma yi masa magana ba in ba ta aiki ba. Hedley yana sauri kamar ana binsa, yana ganin in dai aka gama da wuri to komai zai gyaru.

A watan Maris Dulcie ta rasu a birni, a ɗakin 'yarta. Jirgin da aka sa ran zai kawo ta zaune, shi ya kawo akwatinta.

An gama gidan a watan Yuni, don Ambrose ya ce ba zai bar shi a buɗe ba. Hedley ne ya yi rufin, kuma masu gani sun ce bai taɓa aiki mai kyau irinsa ba. Ranar da aka kafa ƙusa ta ƙarshe ya tarar da Ambrose a tsakar ɗaki shi kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga murya don a ji shi.

"Ambrose, na gama. Don Allah ka yafe mini."

Ambrose ya dube shi ya ce, "Ni na yafe maka tun tuni, Hedley. Amma ba ni nake jiran gidan ba."

Hedley ya tattara kayan aikinsa ya gangara gida.

Darasi: Mai hassada yana zaton mutum ɗaya yake hari, alhali a bayan kowane mutum akwai wasu da suke jingine da nasararsa, su kuma ba su yi masa komai ba. In wani ya amince da kai ya tambaye ka abin da ka sani, gaya masa gaskiya a lokacin, ko da ranka yana ƙuna da ci gabansa. Katako ana sake sara, rufi ana sake ɗorawa, amma akwai abin da neman gafara ba ya dawowa da shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su karanta, wataƙila akwai wanda yake riƙe da guduma a hannu yanzu haka.